Rafin da Ya Ƙi Bin Lissafi

Nerida Coad ta dawo Carbery a shekarar 1991, bayan shekara ashirin da shida da barin garin. Ta shigo da tsohuwar motar jami'a, bayanta cike da kwalabe da mazurarai, ga kwamfuta a kujerar gaba an naɗe ta da bargo kamar mai zazzaɓi. Ana ta ruwa. A yammacin tsibirin Tasmania ba a tambayar ko za a yi ruwa, sai dai yaushe zai huta.

Duwatsun da suka kewaye garin suna nan yadda ta bar su, tsirara, ja da rawaya da ruwan toka, ba ko tsinken ciyawa. Shekara saba'in bututun ma'aikatar narka jan ƙarfe yana fesa hayaƙin farar wuta, hayaƙin ya haɗu da gajimare ya dawo ƙasa da ruwa mai tsami. Abin da gatari ya rage na kurmi ruwan ya ƙone shi, ƙasar da ta rasa saiwar da za ta riƙe ta kuma ambaliya ta kwashe. An kashe wutar ma'aikatar tun Nerida tana jami'a, amma har yau rafukan ba su sami labari ba.

Aikin da aka turo ta yi shi ne ta faɗi yaushe ƙasar da ruwan za su warke. Ta zaɓi kwaruruka bakwai, kowanne da rafinsa. A kowane kwari ta kafa mazurari bisa sanda yana tara ruwan sama a kwalba, ta haƙa ramuka ta auna kaurin ƙasar da ta rage da abin da ke cikinta. Talata da Laraba takan zaga ta ɗebo ruwa. Sauran kwanakin tana ɗakin girkin marigayiya mahaifiyarta, inda ta ɗora kwamfutar kan teburin da take cin abinci tana yarinya. Tana ba na'urar tarihin kowane kwari: yawan hayaƙin da ya saukar masa tun zamanin kakanni, yawan ruwan sama, kaurin ƙasa, da saurin da dutse ke zaizayewa ya saki gishirin da ke kashe tsami. Na'urar sai ta bi shekarun ɗaya bayan ɗaya har ta iso yau. In abin da ta ce za a tarar a rafi ya yi daidai da abin da ke cikin kwalba, an yarda da ita ke nan, sai a sake ta ta yi gaba ta faɗi na shekara ɗari masu zuwa. Kowane zagaye yakan ci awa uku, na'ura na gurnani, Nerida na zaune shayi na huce mata a hannu.

Garin bai yi murna da ita ba. Ranar farko da ta shiga kantin Misis Oakford, wadda ke sayar da burodi da fai na nama kuma take riƙe da gidan waya, tsohuwar ta zare tabarau ta ƙare mata kallo.

"Ke ce autar marigayi Clarrie? Kai, har kin yi furfura! An ce kin zo ki rufe mana duwatsu da ganye."

"Aunawa kawai na zo yi, Misis Oakford."

"Haka na baya ma suka ce. Su auna su tafi, sai takarda ta biyo baya. 'Yar nan, masu yawon buɗe ido ba don kyan fuskata suke tsayawa su sayi fai ba. Duwatsun nan suke ɗauka hoto. Ran da suka yi kore mun zama kamar kowa."

Ba ita kaɗai ba ce. Mutanen Carbery suna alfahari da tsiraicin duwatsunsu kamar yadda tsohon ɗan dambe ke alfahari da karyayyen hancinsa. Ko filin ƙwallonsu na tsakuwa ne, sun ce ciyawa ta ragwaye ce. In Nerida ta shiga mashaya don cin abincin rana, sai hira ta yi ƙasa har ta fita. Wata Laraba ta tarar an ɗura mata giya a mazurarin kwari na uku. Ta shinshina kwalbar, ta tsaya cikin ruwa ta yi dariya har da riƙe ciki, don ko ba komai wani ya tako kilomita huɗu a laka saboda ita. Da ta gama dariyar ta ga ba wanda za ta ba labarin, sai ta wanke kwalbar ta wuce.

Ɗan'uwa ɗaya gare ta a duniya, yayanta Lyle, wanda ya ba ta shekara goma sha uku. Direban tipa ne na masu gyaran hanya, yana zaune shi kaɗai a ɗaya gefen garin. Matarsa ta tafi wurin 'yarsu a gaɓar arewa da cewa wata ɗaya za ta yi, shekara shida ke nan. Tsakaninsa da Nerida akwai tsohon miki, don lokacin da mahaifinsu ya rasu tana Sweden tana karatu, ba ta zo jana'iza ba. A makonta na biyu ya zo da a-kori-kurarsa ya juye mata itace a ƙofar gida.

"Dakta, ga itace. Ko na'urar taki tana hura wuta?"

"Shigo ka sha shayi mana, Lyle."

"Da takalman nan? Kada in ɓata miki ofis."

"Gidan Mama ne, ba ofis ba."

"Au, kin tuna?" ya ce, ya ja motarsa.

Duk wata yakan kawo itacen, ba ya karɓar ko godiya. Ta gayyace shi cin abincin Lahadi sau uku, ya ce Lahadi ranar kamun kifinsa ce a bakin teku. Daga nan ta bari.

Haka ta yi shekara biyu. Akwai makon da in ba "nawa ne burodi" ba, ba ta furta komai, har in waya ta yi ƙara sai ta yi gyaran murya kafin ta ɗauka. Ta san kowane kwari kamar tafin hannunta, ta san inda walabi, ƙaramar dabbar dajin nan mai tafiya da tsalle, ke tsallake hanya, ta san dutsen da za ta fake ta ci burodi da cuku in ruwa ya yi ƙarfi.

A ma'aunin da ake gwada ruwa, bakwai shi ne ruwan da ba shi da tsami ko kaɗan. In lamba ta sauka, tsami ya hau, kuma ƙasa da biyar kifi ba ya zama. Rafuka shida duk suna tsakanin huɗu da huɗu da rabi, kuma abin da na'ura ta faɗa ke nan, kamar ta leƙa kwalbar. Da ta sake ta ta yi gaba, sai ta ce farar wutar da ke kwance cikin ƙasa za ta daɗe tana tsiyaya, kifi ba zai dawo ba sai bayan shekara tamanin a kwarin da ya fi sa'a, ɗari da talatin a wanda ya fi shan hayaƙi.

Na bakwai ne ya ƙi. Rafin Dolly yana can bayan duwatsu, cikin yankin da aka mayar gandun da doka ta kare. Na'ura ta ce huɗu da ɗigo uku. Kwalba ta ce shida da ɗigo biyu. Nerida ta zargi ma'auninta, ta aika Hobart, babban birnin tsibirin, aka kawo sabo, ya faɗi abin da tsohon ya faɗa. Ta zargi kwalaben, ta canza su. Ta ƙara wa na'ura kaurin ƙasa, ta rage mata hayaƙi, ta ce ƙila iska ba ta kai shi can ba, har sai da lambobin suka zama ƙarya tsagwaronta, duk da haka ba su haɗu ba. Ruwan yana ɗauke da gishirin farar ƙasa mai yawa, alhali taswira ta ce babu dutsen farar ƙasa a kwarin ko na magani.

Shugabanta, Farfesa Halloran, ya bugo waya daga Hobart yana rawar jiki.

"Nerida, ai wannan abin biki ne! Rafi ya warkar da kansa cikin shekara ashirin. Mu rubuta kawai. Mutanen ma'aikatar gwamnati sun ji, har sun fara cewa ashe ba sai an taɓa komai ba, a bar ƙasa ta yi aikinta."

"Ban san dalilinsa ba tukuna, Farfesa."

"Dalili ya biyo baya. Kin cika taurin kai, wallahi."

"Ka ba ni wata ɗaya."

An ce ruwa ba ya tsami banza. Nerida ta ga ashe ba ya daɗi banza ma. Kullum a gindin kwarin take ɗiban ruwa, inda hanya ta tsallaka rafin. Wata Alhamis ta ɗaura jaka ta bi shi sama da ƙafa, duk taku ɗari biyu ta tsuguna ta auna. Shida, shida da ɗigo biyu, shida da rabi. Tana hawa lambar na hawa. Ciyayi suka fara tarar ta, gansakuka ta rufe duwatsun bakin ruwa, har ta ji kukan kwaɗi, abin da ba ta taɓa ji a Carbery ba tun tana yarinya. Bayan awa uku ta iso wata 'yar magangara da kududdufi a ƙarƙashinta. Ta auna ƙasan magangarar, kusan bakwai. Ta hau samanta ta auna, huɗu da ɗigo uku.

Ta zauna a kan dutse ta dubi lambar. Na'urarta ba ta yi ƙarya ba.

Gindin magangarar cike yake da tsakuwa mai ruwan toka, wadda ba ta yi kama da kowane dutse na wurin ba. Ta ɗauki ɗaya ta ɗiga mata ruwan gwaji, ta yi kumfa. Farar ƙasa ce, fasasshiya da inji. Bayan wani daji-daji ta sami baro, da shebur, da tarin buhuna an ninke an danne da dutse. Daga nan wata tsohuwar hanyar masu yankan katako ta miƙe, ga sawun taya ɗanye.

Ta dawo Juma'a, ba kowa. Ta dawo Asabar, ba kowa. Ran Lahadi da hantsi tana zaune bayan wani dutse ta ji ƙugin mota. A-kori-kurar Lyle ce. Ya fito yana dafe da ƙugu, ya sauke buhu shida ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora biyu a baro ya turo. Sai da ya zazzage na farko a ruwa sannan ta miƙe.

"Yau tekun ya matso kusa, Lyle."

Bai firgita ba. Ya jingina da shebur ya dube ta.

"Shekara biyu," ya ce. "Na ce wa kaina in dai karatun nan na gaske ne, wata shida ya ishe ki ki gano ni. Ashe digirin ma a hankali yake tafiya."

"Shekara biyu ina zargin kaina! Ka san sau nawa na kwance lissafin nan na sake ɗaurawa?"

"Wa ya aike ki? Zo nan, Auta. Ki taka a hankali, kuma ki rufe bakin nan."

Rabon da ya kira ta Auta tun kafin ta bar gida. Ta bi shi bakin kududdufin, suka durƙusa. Da farko ba ta ga komai ba sai inuwarsu. Can sai ga su, ƙananan kifaye masu tsawon yatsa, masu ɗigo-ɗigo a baya, suna tsaye cikin ruwa suna kaɗa jela. Ta ƙirga arba'in ta rikice.

"Baba ne ya gan su," in ji Lyle a hankali. "Shekarar hamsin da huɗu, ya zo farautar walabi. Guda biyar suka rage, suna ta haƙi a saman ruwa. Kin san aikinsa ke nan a ma'aikata, zuba farar ƙasa a tanderu. Ya ce abin da ke kashe kaifin ƙarfe ba zai kasa kashe na ruwa ba. Ya fara ɗauko ta a jakar abincinsa. Da na kai ashirin ya jawo ni."

"Baba? Baban da ke cewa a mashaya duk mai son bishiya ya hau jirgi ya bar mana tsibiri?"

"To me kike so ya ce? Hayaƙin nan shi ya ciyar da mu. Ya tashi cikin abokan aikinsa ya ce yana jinyar kifi? Ai da sun ci shi ɗanye."

"Ni fa? Me ya sa bai taɓa gaya mini ba?"

Lyle ya ɗauki shebur. "Ya ce ke mai tafiya ce. Ba a ɗora wa mai tafiya kaya."

Ta kama hannun baron ta tura sauran buhunan da kanta, yana yi mata tsiya wai tana tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai. Da suka gama suka zauna a bayan motar, ya raba mata burodinsa da naman gwangwani, suka sha shayi a murfin fulas ɗaya. A shekara biyun nan ba ta taɓa cin abin da ya yi mata daɗi haka ba.

"Na'urar nan taki," ya ce yana kallon ruwa. "Tunda ta iya duba, tambaye ta. In na daina, kwana nawa za su yi?"

"Za ka daina ne?"

"Bayan nan nawa ba na ƙarfe ba ne. Tambaye ta dai."

Washegari ta ba na'urar gaskiya: daga cikin jakar abinci har zuwa buhu shida duk mako, shekara talatin da tara. Karo na farko lambobin Rafin Dolly suka zauna daidai. Sai ta cire buhunan ta sake ta ta yi gaba. Da yamma ta je gidan Lyle, ya bar ta ta shiga. Ta ce masa tsakuwar da ta taru za ta riƙe ruwan shekara huɗu, in an yi sa'a biyar, daga nan babban ruwan sama ɗaya ya isa. Kwarin kuwa ba zai iya tsayawa da ƙafarsa ba sai bayan shekara casa'in.

"Casa'in," ya ce. "Ashe Baba ya ɗauko dala ba gammo."

"Akwai wata magana, Lyle. Dole in rubuta."

Ya ajiye kofinsa. "Ki rubuta me?"

"Cewa zuba masa ake yi. Ba zan ambaci suna ba."

"A Carbery? Mutum nawa ke da tipa da makullin ramin tsakuwa? Kuma kin san wurin ya zama gandu, ko tsinke aka hana sakawa. Ki ce na'urarki ce ta yi kuskure, shi ke nan."

"In na yi shiru za su ce rafi ya warke da kansa. Za su ɗauki wannan su yanke hukunci a kan sauran shidan, da wasu garuruwan ma. Su ce a naɗe hannu a jira."

"Shidan nan matattu ne, Auta. Wannan ne mai rai."

"Zan roƙe su su karɓi aikin da kansu. Ina da lissafin da zai nuna musu yana yi."

"Za ki roƙe su." Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Shekara talatin da tara ba mu roƙi kowa ba."

Ta yi mako uku tana kai gwauro tana kai mari. Ta rubuta shafin ta yage ya fi sau goma. Ta nemi hanyar da za ta cire kwarin daga rahoton ba tare da faɗin dalili ba, amma Farfesa Halloran ya riga ya baza labarin, dole a ba shi amsa. A ƙarshe ta rubuta layi huɗu: an cire Rafin Dolly daga hasashen saboda an daɗe ana zuba masa farar ƙasa daga waje, kuma tana ba da shawara hukuma ta ci gaba da zubawar.

Layi uku na farko aka karanta. Kafin wata biyu jami'an gandun daji suka kafa ƙofar ƙarfe a bakin tsohuwar hanyar, kilomita tara daga magangarar, da allon gargaɗi. Ba su kama kowa ba, ba su ma tambaya ba. Game da shawararta kuwa suka rubuto cewa ana dubawa. Garin bai buƙaci suna ba. A mashaya aka naɗa Lyle sarkin kifi, in ya shigo sai wani ya ce, "A ba mai martaba ruwa, amma a sa masa tsakuwa." Wasu daga cikin tsofaffin abokan mahaifinsu suka daina gaishe shi. Itace bai sake zuwa ƙofar Nerida ba.

Ta ji daga bakin Misis Oakford cewa Lyle bai haƙura ba. Yakan ajiye mota a bakin ƙofar ya saɓa rabin buhu ya taka kilomita taran nan. Nerida ta je wata Lahadi ta tsaya a ƙofar da jakar baya, ta ce za ta taya shi. Ya wuce ta kamar bai ga mutum ba. Ta cika jakarta daga bayan motarsa ta bi shi a baya, taku hamsin tsakaninsu, har magangara har dawowa, bai waiwayo ba. Sun yi haka Lahadi bakwai. A ta takwas ba ta ga motar ba. Bayansa ya riƙe yana ƙoƙarin ɗaura takalmi, aka kai shi asibiti a arewa, daga can 'yarsa ta ɗauke shi. Bai dawo Carbery ba.

Ita kaɗai ta gwada ci gaba. Abin da take iya ɗauka bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da rafin ke buƙata ba, kuma ta fi kowa sanin haka, don ita ta yi lissafin. Da aikin jami'a ya ƙare aka kira ta Hobart ta koma koyarwa. Amma duk wata uku takan tuƙo motarta awa biyar, ta kwana a gidan mahaifiyarta, ta zaga rafuka bakwai da kwalabe. Ta rubuta wa hukuma wasiƙa goma sha ɗaya. An amsa huɗu.

Shekara ta farko, shida da ɗigo ɗaya. Ta biyu, biyar da ɗigo takwas. Ta uku kwaɗin suka yi shiru. A ta huɗu tsakuwar gindin magangarar ta yi wata jar tsatsa, ta daina kumfa in an ɗiga mata ruwan gwaji. Kifin suka ragu zuwa goma sha biyu, sannan uku. A damina ta biyar aka yi kwana tara ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Da ya ɗauke ta hau, ta auna, huɗu da ɗigo shida. Ta durƙusa a bakin kududdufin awa guda har gwiwoyinta suka mutu. Ruwan garau yake, ana ganin kowane dutse na ƙasansa.

Abin da ta rubuta a kan haka ya yi suna. Ba kasafai ake samun rafin da aka faɗi ranar mutuwarsa tun da sauran shekara biyar ba, kuma ya cika alkawari. Aka gayyace ta taro a Norway, masana ɗari biyu suka tafa mata, wani ya ce bai taɓa ganin hasashe ya zauna daram haka ba. Saboda rahoton nata wasu ƙasashe biyu suka fasa dakatar da zuba farar ƙasa a tafkunansu. Ta yi godiya, ta koma masauki ta ci abinci ita kaɗai.

Da ta dawo ta buga waya gidan 'yar Lyle. Aka daɗe kafin ya zo, tana jin ƙarar sandarsa a daɓe.

"Wa ke magana?"

"Ni ce, Lyle."

Ya ce, "Sun tafi ke nan."

"Sun tafi. Tun bara."

"Nawa kika gani na ƙarshe?"

"Uku."

"Manya ko ƙanana?"

"Biyu manya, ɗaya ƙarami."

Ya ce, "To, na'urarki ta iya duba. A gaishe ta."

"Lyle, in da zan sake..."

"Da kin sake rubutawa. Na san ki. Kan Baba gare ki, shi ya sa ba ku taɓa shiri ba." Ya yi tari. "An kira ni cin abinci. Nan gidan ba a jira."

"In zo in gan ka?"

"Hanya ai ba tawa ba ce," ya ce, ya ajiye.

Ba ta gane ko izini ne ko kora ba. Ta je bayan sati biyu. Ta tarar da shi a baranda an rufa masa bargo a ƙafa, ya rame, yana kallon teku. Matarsa ta kawo shayi da biskit ta koma ciki. Sun yi awa biyu suna maganar ƙwallo da tsadar mai da wanda ya mutu a Carbery da wanda ya rage. Ba wanda ya ambaci rafi. Da za ta tafi bai ce ta dawo ba, bai kuma ce kada ta dawo ba. Ta riƙa zuwa sau biyu a shekara har ya rasu, kuma wannan karon tana wurin jana'iza, a layin gaba.

Gidan mahaifiyarsu ba ta sayar ba, don ba mai saye. Rufin ɗakin baya ya fara yoyo, ta jera bokitai. Misis Oakford ta tsufa ta bar kantin wa wata baƙuwa daga Launceston wadda ba ta san ko wace ce Nerida ba, tana kiranta "matar nan mai kwalabe". A gindin duwatsun, inda ƙasa ta ɗan taru, wasu gajerun itatuwa sun fara leƙowa da kansu, mutanen gari suna ta gunaguni a kansu.

Ranar da ta cika shekara sittin ta faɗo ran zagaye. Ta tashi da sassafe ta jera kwalabe bakwai a kwali, ta rubuta kwanan wata a jikin kowacce. A kwari na biyu lambar ta ɗaga da ɗigo ɗaya a kan ta bara. Ta sake aunawa don ta tabbata, ta rubuta, ta ɗaure murfin, ta ja hular rigar ruwanta ta nufi kwari na uku.